Wace doka ce ke kan cinikin kare da mage?



Yau zancen karnuka da maguna za mu yi. Na san wani a Roni ko Gwiwa zai ce, mu da ko shagon sayar da kare ba mu da shi? Haka ne, amma ku ɗan saurara.

A Ingila tun Afrilun 2020 doka ta hana shago ko dillali sayar da kwikwiyo ko ɗan mage da bai kai wata shida ba. Sai dai ka je wajen wanda ya kiwata uwar, ko gidan da ake ajiye dabbobin da aka yasar. Jihar Kalifoniya a Amurka ta riga su da irin wannan doka a 2019, Faransa kuma ta hana shaguna sayar da su daga Janairun 2024. Dalilinsu shi ne gonakin da ake tara karya a keji tana ta haihuwa ba hutu, a raba 'ya'yan da nono da wuri, a kai shago da cuta a jikinsu.

To mu nan fa? A Kazaure da Babura kare na mafarauci ne da makiyayi da mai gadi, yawanci ma kyauta ake bayarwa. Amma ciniki yana nan. Akwai masu bi ƙauyukan Arewa suna sayen karnuka, a loda su zuwa kasuwar Dawaki a Filato. Ga kuma samarin da ke tallar mage 'yar waje a Facebook da WhatsApp.

Dokar da muke da ita, Final Kod ta Arewa, ta haramta azabtar da dabba, amma ba ta tambayar ina aka samo ta. Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tashi. Babura na bakin iyakar Nijar, kare kuma ba ya nuna takarda kafin ya tsallako.

Saboda haka in za ka saya, ka ce a nuna maka uwar, a ba ka katin rigakafi daga likitan dabbobi. In mai sayarwa ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.