Ƙadangaren da Ke Haihuwa a Ƙasar Sanyi

Sanin kowa ne cewa ƙadangare ƙwai yake yi, ya binne a ƙasa, ɗumin rana ya ƙyanƙyashe masa. To, amma a arewacin Turai lokacin ɗumi bai wuce 'yan watanni ba, kuma ƙwan da aka binne a can hunturu kan riske shi tun bai ƙyanƙyashe ba.

Akwai wani ɗan ƙadangare da ya tsallake wannan matsala, wanda masana ilmin halittu ke kira Zootoca vivipara. Tsawonsa har da wutsiya bai cika wuce santimita 15 ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne. Cikin namijin ruwan lemo mai ɗigon baƙi, na macen kuwa fari-fari. Ita macen takan riƙe ƙwayayenta a ciki kimanin wata 3, tana bin hantsi daga wannan dutse zuwa wancan, wato ta mai da jikinta sheƙa mai tafiya. Wajen watan Yuli sai ta haifi 'ya'ya 3 zuwa 10, baƙaƙe, kowanne cikin tantanin da yake fasawa nan take. Dabarar ba ta zo a banza ba, domin nauyin ciki na rage mata gudu, ga tsuntsaye da macizai suna fako.

Duk da haka, babu ƙadangaren tudu da ya kai shi yaɗuwa a duniya. Ana samunsa tun daga Ayalan har tsibirin Hokkaido na Japan, ya kuma kutsa can ƙuryar arewacin Norwe. Abin mamaki, a duwatsun Firenis da ke tsakanin Faransa da Sifen, wannan jinsi har yanzu ƙwai yake yi.