Gidan hutu na karɓa-karɓa a Amurka: me ya sa ake cire kashi 30 daga kuɗin hayarka?

Jama'a, akwai wani tsari da Turawa ke kira tayimshiya. Ba gidan gaba ɗaya kake saya ba, mako ɗaya ko biyu kake saya a kowace shekara, galibi a wuraren shaƙatawa irin su Olando a jihar Fulorida. Idan ba ka je ba, sai ka ba da makonka haya. To a nan ne haraji ke shigowa.

Dokar Amurka ta ce baƙon da ba mazaunin ƙasar ba, ana cire masa kashi 30 cikin 100 na kuɗin haya tun kafin su iso hannunsa. Kamfanin da ke kula da gidan shi zai cire ya miƙa wa hukumar haraji, wato IRS, kamar yadda dillali a kara ke zare la'adarsa kafin ya ba mai saniya. Kuma a kan jimillar kuɗin ake lissafi, ba a kan riba ba.

Misali, an biya hayar dala 2,000. Za a cire 600, saura 1,400. Idan kuɗin kula da gida na shekara 1,200 ne, ka ga 200 kacal ka tsira da ita. Najeriya kuwa ba ta da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka.

Amma akwai mafita. Da farko ka nemi lambar mai biyan haraji, ITIN, ta fom W-7. Sannan ka cike fom W-8ECI ka ba kamfanin, sai su daina cirewa. Sharaɗin shi ne duk shekara ka cike fom 1040-NR, ka bayyana abin da ya shigo da abin da ka kashe. A misalinmu ribar 800 ce, harajinta a matakin kashi 10 dala 80 ne, maimakon 600.

Wanda aka riga aka cire masa, ya karɓi fom 1042-S daga kamfanin. Shi ne shaidarsa ta neman a mayar masa da rarar.

Ranar sayarwa ma akwai nata: ana riƙe kashi 15 na kuɗin cinikin baƙo.

Don haka kafin ka sa hannu, ka tambaye su ƙarara: wa zai cire harajin, kuma nawa ne zai shigo asusuna? Kada daɗin bakin ɗan talla ya sa ka sayi wahala da kuɗinka.