Canza ma tsohuwar mota moter: daga isansi zuwa gazuwal

Ƴan uwa, har yanzu akwai tsofaffin motoci masu kai mu kasuwa, irin Peugeot 404 da 504. Da yawansu isansi suke sha. In moter ya gaji, wani mai mota yakan so ya koma ma gazuwal, don moter na gazuwal bai shan mai da yawa.

Amma a kula! Ba a zuba gazuwal cikin moter na isansi. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Na isansi, buji ke ba shi wuta. Na gazuwal kuwa, iska yake matsewa har ta yi zafi, sannan pompi ya fesa mai, ya kama. Saboda haka sai an fidda moter gaba ɗaya, an sa wani.

Ga sauran aikin makanisiye:

1. Ya wanke tankin mai sarai, ya ƙara tiyo mai maida ragowar gazuwal cikin tanki.
2. Ya sa matata mai tare ruwa da datti, don su ke kashe pompi.
3. Ya sa batir mai ƙarfi.
4. Ya ƙarfafa gaban mota, don sabon moter ya fi nauyi.
5. Ya gwada birki kafin a ɗauki mutane.

Bayan haka, mai mota ya je a gyara takardun motar.

Aikin yana cin kuɗi. Motar da ke bisa hanya kullum za ta maida su. Wadda ke fita ranar kasuwa kaɗai, gara a gyara mata moter ɗinta. A yi lissafi tukuna, kada a saida gero a banza.