Wurin koyar da yoga: a dubi rufi kafin a dubi titi

Mai son buɗe wurin koyar da yoga, motsa jikin nan da ya samo asali daga Indiya, yakan fara neman shago a bakin kwalta don jama'a su gan shi. Wannan lissafin mai sayar da kaya ne. Yoga numfashi ne da natsuwa, kuma ba a samun su kusa da tasha ko Babbar Kasuwar Yamai.

Rufi ne abin dubawa na farko. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Ɗakin kwano marar silin kan zama tanda, ga shi a lokacin ne NIGELEC ta fi ɗauke wuta. Gara ɗaki mai dogon rufi, da tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa. A je a gan shi da ƙarfe 2 na rana, ba da sanyin safiya ba, lokacin da dillalai suka fi son zagayawa da mutum.

Kowane ɗalibi na buƙatar kamar murabba'in mita 3, don ya buɗe hannuwa bai taɓa na kusa ba. Mutum 10, mita 30 ke nan, ban da wurin sauya tufafi.

Mata kuwa ba za su dawo wurin da masu wucewa ke leƙe ba. Gida mai katanga cikin unguwa ya fi shagon gilashi, haya ma ta fi sauƙi. Kafin a biya kuɗin watannin da mai gida zai nema, a tambayi maƙwabta ko ruwa na kwanciya a ƙofar da damina.