Babur Mai Lantarki a Dirin Daji: A Ina Zai Sha Wuta?

Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ba a rufe taro a Abuja ba tare da an tallata abin hawa mai lantarki ba. Lissafin masu tallar duk a kan mai gareji da mita yake: ya dawo gida, ya jona mota, ya kwanta. Ɗan kabu-kabun Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a jihar Kebbi, ko wayarsa sai ya kai shago ya biya ake yi mata caji.

Tashar caji mai hasken rana da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021 ba ta amfane shi da komai ba; Sakkwato ba nan kusa ba ce. Ko a ƙofar gidansa aka kafa ta, da sauran rina a kaba, domin jarinsa lokaci ne. Wanda zai zauna sa'o'i yana gadin batir ranar kasuwa, fasinjojin Zuru sun tafi da wani.

Musayar batir ce ta dace da shi. Ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna, ya biya kuɗin wuta kamar yadda yake sayen fetur a kwalba. Batir ne mafi tsada a jikin babur, idan kuwa ya zama mallakar mai shago, kuɗin sayen babur ya sauko ke nan. Haka kamfanin Ampersand ke yi a Kigali, kamfanin Spiro kuma a Kwatano da Lome. Mai shagon cajin waya da ke da sola a rufi ya riga ya iya rabin sana'ar, jari ne bai da shi.

Masu suka suna da 'yar gaskiya. Zafi na rage wa batir kwana, kuma a ƙasar Zuru da 'yan bindiga suka addaba, ɗaki cike da batura abin kwaɗayi ne. Abin da ya fi waɗannan damuna shi ne batirin wani kamfani ba ya shiga babur ɗin wani. Kamfanin da ya riga kafa shago a Dirin Daji shi zai riƙa yanka farashi, sai fa in gwamnatin Kebbi ta sa sharaɗin batir iri ɗaya tun kafin ta ba da izini.