Zanen Lissafi: Layin da ke Nuna Abin da ke Tafe

A ofisoshin noma, da ɗakunan shan magani, da rumbunan tsimi na ƙauyuka, akan ga takarda manne ga bango, da layi a kanta yana hawa yana sauka. Jama'a da yawa na wucewa ba su kula ba, suna zaton aikin manyan malamai ne. Alhali kuwa duk wanda ya iya ƙidaya yana iya karanta wannan zane.

Tushensa shi ne dangantaka tsakanin adadi biyu, inda na biyu ya rataya ga na farko, kuma kowane adadi na farko yana ba da amsa guda tak. A lakkwal ana ce mata fonksiyon. Tana cikin fannin aljabara, wanda ya samo sunansa daga littafin da Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekarar 820. A 1637 kuma wani Bafaranshe, Rene Dekart, ya bayyana hanyar haɗa lissafi da zane.

Ga yadda ake yi. Ana jan layi biyu, ɗaya kwance, ɗaya tsaye. A kan na kwance ake jera adadin farko, wanda ake kira x; a kan na tsaye ake jera amsa, wato y. Kowane lissafi yana ba da ɗigo ɗaya. In aka haɗa ɗigogin, sai layi ya fito.

Misali: ɗan kasuwa ya sayi hatsi a ƙauye, kowace tiya dala 100, ya biya mai amalanke dala 200. Abin da ya kashe shi ne y = 100x + 200. Layin miƙaƙƙe ne, amma daga 200 yake tashi, domin ko tiya ɗaya aka ɗora, kuɗin amalanke na nan. In ya sayar da tiya dala 120, abin da ya samu shi ne y = 120x. Layukan biyu suna gamuwa a tiya 10, inda kashewa da samu duk suka zama dala 1.200. Ƙasa da nan hasara, sama da nan riba.

Ba kowane layi ke miƙewa ba. Zanen ruwan kogin Kwara a Yamai yana da tozo biyu a shekara: na farko a watannin Agusta da Satumba, sa'ad da ruwan damina na kusa ya shigo, na biyu wajen Janairu, sa'ad da ruwan ƙasar Gine ya iso bayan doguwar tafiya ta Mali. Daga nan layi ya yi ta gangara har Yuni. A Yunin 1985 ya taɓa ƙasa, gama kogin ya daina gudu a Yamai. A Satumbar 2020 kuwa ya hau har ruwa ya ci unguwanni. Mai lura da kaifin hawan layi yana iya gargaɗin mazauna bakin kogi tun da sauran lokaci.

Zanen da ya fi kusa da kowane gida shi ne na katin awon jarirai. Watannin yaro suna kwance, nauyinsa yana tsaye. Layi mai hawa, yaro na girma. Layi ya kwanta wata biyu ko uku, akwai abin dubawa, ko da yaro na wasa. Layi ya sunkuya, sai a gaggauta zuwa wajen likita.

Saboda haka abu huɗu ya kamata mai karatu ya duba: abin da aka rubuta a kan layukan biyu, inda layi ya nufa, kaifin hawansa ko gangararsa, da wurin da ya juya ko ya gamu da wani. Ma'aikata kuma su lura: in lambobin layin tsaye ba daga sifiri suka fara ba, ƙaramin canji yakan yi kama da babba.

Ya dace malaman yaƙi da jahilci su sa wannan darasi cikin karatunsu, su fara da farashin hatsi na kasuwar garinsu, wata bayan wata. Rigakafi ya fi magani.