Layi ɗaya da ke zaƙulo fayil komai zurfin folda

Duk mai aiki da kwamfuta, daga mai ɗaukar hoton biki zuwa mai tura fina-finai a memori, ya san yadda fayil ke ɓacewa alhali ba wanda ya goge shi. Folda cikin folda, wata cikin wata, har mai ita ya rasa inda ya jefa takardar da ake jira, sai ya dinga buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A ganina wannan wahalar banza ce, domin maganinta ya girmi yawancin masu fama da ita. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, yana ɗauke da wani ɗan umarni mai suna find tun shekarun 1970, kuma har yau yana nan cikin Linux da macOS.

Mutum ya buɗe allon umarni ya rubuta find . -type f -iname "*.pdf", sai kwamfuta ta ratsa kowace folda har ƙarshenta, ta jero masa duk takardun PDF da inda kowace take zaune. Ɗigon farko na nufin a fara daga nan, -type f na nufin fayiloli zalla, tauraron kuwa kowane suna ne. Amfanin -iname shi ne ba ruwansa da babban baƙi ko ƙarami, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: kyamarori da yawa da manyan baƙaƙe suke rubuta JPG, Linux kuwa bai ɗauki JPG da jpg abu ɗaya ba, sai mai hoto ya zaci aikinsa ya salwanta. In aka ƙara -size +100M, manyan fayilolin da suka cinye wuri ne za su fito. Mai Windows ma ba a bar shi a baya ba, dir /s /b *.pdf zai yi masa makamancin wannan aiki.

Wani zai ce ai kowace kwamfuta tana da akwatin bincike. Gaskiya ne, kuma ya isa neman takarda ɗaya. Sai dai abin da aka latsa da hannu ba ya ajiyuwa. Layin umarni kuwa ana adana shi a ɗan fayil, a sake kunna shi kowane mako, a miƙa wa abokin aiki, a ma sa shi ya kwashe abin da ya samo zuwa wuri guda.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wutsiyar suna, irin su .pdf ko .jpg, tana ƙarya. Kowa na iya mayar da .exe ya zama .jpg. A watan Mayun 2000 ƙwayar cutar kwamfuta ta ILOVEYOU ta bazu a duniya da fayil mai ƙarewa da .TXT.vbs, da yake Windows na ɓoye wutsiyar ƙarshe, mutane suka ɗauka wasiƙa ce suka buɗe. Wannan sukar daidai ce, amma amsarta ma a allon umarnin take. Akwai umarnin file, wanda ba ya kallon suna, cikin fayil yake leƙawa. Takardar PDF da %PDF take farawa, fayil ɗin ZIP da PK, har takardar Word mai .docx ma da PK take farawa, domin ZIP ce a asalinta. In aka haɗa find da file binciken zai yi nauyi, tunda sai an buɗe kowane fayil, amma ga wanda aka ceto masa bayanai daga lalataccen memori, sunaye duk sun rikice, babu hanyar da ta fi wannan.

Saura batun haɗari, kuma ba zan raina shi ba. In aka ƙara wa find -delete don gogewa, abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara, kuma in aka rubuta shi kafin sharuɗɗan bincike, duk abin da ke cikin foldar zai share. Don haka mai koyo ya fara gudanar da umarnin ba tare da shi ba, ya karanta jerin da idonsa, ya tabbata yana da kwafi a wani wuri, sannan ya goge.